Dokin da Korvel Bai Ci Ba

Sanarwar ta iso Nima wata ranar Litinin. Wani gwanin ces, wasan allo mai sarki da dawakai da sojoji, daga gabashin Turai, Matis Korvel, zai zo Accra ya buga da mutum ashirin da huɗu a lokaci guda, a zauren wata makaranta a Kanda. Korvel giranmasta ne, wato ya kai muƙami mafi girma da ake ba ɗan wasa. Bayan an tashi zai zaɓi mutum biyu ya koyar da su ta intanet har shekara guda. Sanarwar ta ce ba sai mutum ya ci shi ba. Yadda mutum ya yi tunani a kan allo zai duba.

Kujera ɗaya aka ba 'yan wasan Nima da Maamobi, kuma Malam Abdul-Rashid ne zai faɗi wanda zai hau ta. Shekarunsa hamsin da bakwai. Da safe yana koyar da Larabci a wata Islamiyya, da la'asar kuma yana shimfiɗa alluna huɗu a barandar gidansu. Tsofaffin malaman unguwa suna kiran wasan shaɗaranji, kuma ba dukansu ne suke son ganinsa a hannun malami ba. Shi bai taɓa yi musu gardama ba, bai kuma daina ba. Da dara ya tashi kamar kowa a layinsu, sai da ya girma ya koyi ces.

Bai ɗauki lokaci ba ya ba da sunan Latifa. Shekarunta ashirin, tana aiki a wani kantin magani a Maamobi. Shi ya koya wa marigayi mahaifinta karatu, shi ya koya mata yadda doki yake tsalle tun tana shekara tara. Shekara biyu ke nan rabon da ya ci ta. Ya san abin da yake da shi ya ƙare, kuma in ba ta sami wanda ya fi shi ba, a nan za ta tsaya. Saura makonni uku a yi taron.

Washegari ya tafi wurin Ishawu, mai gyaran waya a bakin babban titin Nima.

"Wasannin mutumin nan nake so," in ji shi, ya miƙa masa sunan a rubuce. "Duk wanda ya buga a intanet bana."

"Bidiyo, Malam?"

"Me zan yi da fuskarsa? Taku kawai. A takarda."

Ishawu bai san komai game da ces ba, amma ya san inda ake samun abu. Da yamma ya kawo ƙunshin takardu mai kaurin littafin fiƙihu. Wasa ɗari huɗu da goma sha biyu ne, kowanne da kwanan watansa da jerin taku, ba kalma ɗaya ta bayani.

Malam ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya a kan allonsa, bayan asuba da kuma tsakanin azahar da la'asar. Kwana huɗu na farko bai ga ƙofa ko ɗaya ba. Korvel yana wasa kamar mai ginin katanga. Ba ya gaggawa, yana ɓoye sarkinsa da wuri, yana matse abokin karawa a hankali har sai ya rasa inda zai sa hannu. A rana ta biyar Malam ya ci karo da wani wasa da ya sa ya cire tabarau ya goge. Wani da ba a san shi ba ya ajiye wa Korvel doki a gaban sojojin da ke tsare sarkinsa. Tarko ne wanda ko 'yan barandar Malam za su gani. Korvel ya ci dokin, layi ya buɗe, aka kashe sarkinsa a taku na goma sha tara.

Malam ya ɗauka kuskuren bugu ne. Ya sake jera 'ya'yan, ya sake bi. Haka dai yake. Ya ci gaba, ya sami wani, ya sami wani kuma. Ya ware su gefe da jan biro. Da ya gama, wasa talatin da takwas ne, kuma a ashirin da ɗaya daga cikinsu an ci Korvel. A dukansu abu guda ne: duk abin da aka miƙa masa sai ya ci, ko soja ne, ko doki, ko sarauniya mai guba.

Da ya duba kwanan wata sai kansa ya ƙara ɗaurewa. Duka talatin da takwas ɗin ranar Alhamis aka buga su.

Ya kwana biyu yana juya wannan. Ya fara tunanin ko mutumin yana azumin Alhamis ne, yunwa tana taɓa masa hankali, amma da haka ne da an ga alamar a ranar Litinin ma, kuma wasanninsa na Litinin ba su da tabo. Ya yi tunanin ko yana ba wani ƙaninsa wayarsa ne a ranar. Sai dai ko a wasannin da aka ci shi, yadda yake kare kansa bayan ya faɗa rami ba na ƙaramin ɗan wasa ba ne. Hannu ɗaya ne. Ya koma ga sauran ranakun ya duba da kyau, ya lura cewa a cikinsu ba wanda ya taɓa miƙa masa komai a banza, domin manya ne yake karawa da su, masu tsoron sunansa. A nan Malam ya tsaya. Ya yanke cewa kwaɗayi ne a jinin mutumin, kuma sai marasa tsoro ne suke tono shi. Batun Alhamis kuwa, tunda bai iya fassara shi ba, bai sa shi a rubutu ba.

Ya rubuta shafi shida da hannunsa. Shafi biyu a kan salon Korvel, shafi ɗaya a kan wuraren da yake da rauni, shafi uku a kan abin da Latifa za ta yi. Baƙaƙen 'ya'ya za ta riƙe, domin a irin wannan taro gwani ne yake fara taku a kowane allo. Kada ta ɓoye sarkinta. Ta tura sojan gefe gaba, ta kai doki bakin ƙofar sarkinsa a taku na tara, ta bar shi a can. In ya ci, layi ya buɗe. Daga nan ya rubuta mata hanya bakwai, kowacce tana ƙarewa da mutuwar sarki.

Ranar Lahadi, saura kwana shida, ya ba ta takardun a baranda a gaban sauran 'yan wasa. Ta karɓa da hannu biyu, ta zauna a ƙarshen benci ta karanta har ƙarshe. Ta koma shafi na uku ta sake karantawa.

"Malam," in ji ta, idonta a kan takarda, "in bai ci ba fa?"

"Zai ci. Sau talatin da takwas aka miƙa masa, sau talatin da takwas ya ci."

"A ina Malam ya ga wasannin?"

"A rubuce. Me ya faru?"

"Ba komai, Malam."

"Ki haddace. Ranar Laraba zan ji."

Ta ce to. Ranar Laraba ta zo ta jera hanyoyin bakwai ba tare da ta duba takarda ba, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta yi sallama ta tafi da wuri.

Da safiyar Alhamis Malam ya tsaya sayen koko wurin Mma Memuna, yayar mahaifin Latifa, wadda take riƙe da ita tun rasuwarsa. Mma Memuna ta sallami mutum biyu da ke gabansa, ta zuba masa, sannan ta rage murya.

"Malam, 'yarka ta ba ni saƙo. Ni dai ban gane kansa ba."

"Ina ji."

"Wai tana roƙo, in Malam ya sami sarari, ya kalli Baturen nan da idonsa a waya kafin Asabar. Wai akwai abin da ake gani wanda ba a rubutawa."

"Kamar me?"

"Yo ni na sani? Na ce mata ke da malaminki kullum kuna tare, ki faɗa masa mana. Ta ce bakinta ba zai iya ba. Na ce to nawa bakin na haya ne?"

Malam ya yi dariya kaɗan. Ya ce tsoro ne irin na wanda bai taɓa zama gaban babban mutum ba, zai wuce. Ya ɗauki kokonsa ya tafi makaranta. Amma a aji, yana tsakiyar bayanin wani babi, maganar ta dawo masa. Latifa ba matsoraciya ba ce. Tun tana ƙarama, in ta ce ba komai, to akwai komai. Ya rasa abin da fuskar mutum za ta ƙara a kan wasa ɗari huɗu da ya riga ya bi da hannunsa.

Bayan sallar Juma'a ya bi ta shagon Ishawu. Titi a cike yake, yaran trotro, ƙananan motocin haya, suna ta kiran fasinja, masu fitowa daga masallaci suna kutsawa tsakanin motoci.

"Nemo mini mutumin nan yana wasa. Na ranar Alhamis."

"Malam da ya ce ba ya son fuskarsa?"

"Nemo dai."

Ishawu ya ajiye wayar da yake kwancewa, ya danna tasa, ya jingina ta da kwalbar ruwa. Wani siririn mutum mai furfura a gefen kai ya bayyana, da abin ji a kunnuwansa, allo a gefensa, rubutun 'yan kallo yana ta gudu a ƙasa. Yana dariya. Ya gaishe da masu kallo da Turanci, ya ce yau Alhamis, ranar da su ne masu mulki. Ya tuna musu sharaɗin da suka ɗora masa tun farkon shekara: duk abin da abokin wasa ya miƙa masa, dole ya ci, ko da ya ga mutuwarsa a ciki. Ya ce wanda ya iya amfani da wannan ya kashe shi, ya cancanci tafi.

"Mayar baya," in ji Malam.

Ishawu ya mayar. Mutumin ya sake faɗin abin da ya faɗa.

Suka kalli wasan farko. Wani ya ajiye masa doki a bakin ƙofar sarki. Korvel ya kama kansa da hannu biyu, ya ce wa 'yan kallo ga abin da zai yi in da a gasa ne, ya nuna wani taku na soja da alamar kibiya. Sannan ya ce amma doka doka ce, ya ci dokin.

"Kai, cale," in ji Ishawu, kamar yadda samarin Accra suke kiran aboki, "ashe dara yake yi da su. Cin dole. Malam, wannan ai irin namu ne na bakin titi."

Malam ya ƙura wa wayar ido. Ya shekara talatin yana buga dara kafin ya taɓa ces, kuma abu na farko da ake koya wa mutum a dara shi ne cin dole. Ya yi mako biyu yana kallonsa a takarda bai gane shi ba.

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya. Na gode."

Ya fito ya tsaya a bakin kwata, mutane suna gaishe shi yana amsawa ba tare da ya san su wane ne ba. Kantin da Latifa take aiki bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba. Ya fara takawa can, ya kai mahaɗar da ke shiga Maamobi, ya tsaya. Zai shiga kanti, a gaban mai kanti da masu sayen magani, ya ce wa 'yar ɗalibinsa me? Ya ciro waya ya nemo lambarta, ya mayar aljihu. A rayuwarsa bai taɓa jin malaminsa ya ce ya yi kuskure ba. In malami ya gane ya karkace, sai ya gyara a darasi na gaba kamar ba a yi ba, ɗalibai su gane su yi shiru. Amma babu darasi na gaba kafin Asabar.

Ya juya ya nufi gidan Mma Memuna. Ya same ta a tsakar gida tana wanke gero.

"Mma, in Latifa ta dawo ki karɓo mini takardun da na ba ta. Ki aiko mini da su."

Ta ɗago. "Takardun karatun?"

"Su. Ki ce mata na kalli abin da ta ce in kalla. Gobe ta yi abin da ta ga ya dace."

"Ta yi abin da ta ga ya dace," in ji Mma Memuna a hankali. Ta tsame hannunta daga ruwa ta goge a zane. "Malam, wani abu ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ki dai faɗa mata haka."

Kafin magariba takardun suka iso gidansa a cikin baƙar leda. Ya sa su a ƙarƙashin wasu littattafai. Ya ji nauyi ya ɗan sauka. Yarinyar tana da hankali, za ta gane.

Ranar Asabar da ƙarfe goma zauren Kanda ya cika. An jera tebura a zagaye, alluna ashirin da huɗu, 'yan wasa a waje, tsakiya a buɗe domin gwani ya riƙa zagayawa. An ja igiya tsakanin 'yan kallo da tebura. Wani jami'in ƙungiyar da ta shirya taron ya karanta ƙa'ida: ba magana, ba alama, wanda aka yi wa nuni daga waje an fitar da shi. Latifa tana allo na goma sha bakwai, da farin mayafi. Da Malam ya shigo ta miƙe ta rusuna daga nesa, ba ta ɗago ido ba. Ya ga idanunta sun kumbura. Ya ɗauka rashin barci ne.

Mma Memuna ta matso kusa da shi a bakin igiya.

"Na yi mata faɗa sosai," in ji ta a kunnensa. "Na ce ke wace ce da za ki aika wa malamin ubanki gyara? Ga shi ya karɓe karatunsa, ya ce ki yi abin da kika ga dama. Ta yi kuka har ta gaji. Ka yafe mata, Malam, yarinta ce."

Malam ya juyo ya dube ta. A Islamiyyarsu, in malami ya karɓe littafi daga hannun ɗalibi ya ce ya je ya yi abin da ya ga ya dace, kowa ya san ma'anarsa. Shi kansa ya yi wa mutum biyu haka a shekara talatin, kuma ba wanda ya dawo cikinsu sai da iyayensa suka zo ban haƙuri. Ya buɗe baki, sai aka tafa. Korvel ya shigo.

Ya fi yadda yake a waya tsawo. Ya bi alluna yana miƙa hannu, yana tura soja ɗaya, yana wucewa. Zagaye na farko bai kai minti uku ba. Malam ya kafa ido a allo na goma sha bakwai. Taku na farko da na biyu ba su nuna komai ba, kowa haka yake farawa. A na biyar, inda ya kamata ta shirya ɓoye sarkinta, ta fito da doki. A na bakwai ta tura sojan gefe.

Ya yi gyaran murya. Jami'in ya waigo ya ɗora yatsa a leɓe. Malam ya matsa ta inda za ta iya ganinsa in ta ɗago, amma ba ta ɗago ba. Ya rasa ma me zai yi da fuskarsa in ta ɗago ɗin. In ya girgiza kai, za ta ce fushi ne. In ya yi murmushi, za ta ce ta yi daidai.

Taku na tara, Korvel ya iso gabanta. Ta ɗauki dokin ta ajiye shi a bakin ƙofar sarkinsa.

A karo na farko tun da aka fara, Korvel ya tsaya. Ya dafa tebur da hannu biyu, ya dubi allon, ya dube ta, ya sake duban allon. Gefen bakinsa ya motsa. Ya tura wani soja na tsakiya taku ɗaya, wanda ya toshe wa dokin hanyar komawa, ya wuce allo na goma sha takwas.

Shafi shida ɗin ba su ce komai a kan wannan ba. Bayan zagaye uku, da ya gama gyara wa sarkinsa wuri, ya ɗauke dokin cikin kwanciyar hankali. Soja ɗaya ta samu a madadinsa.

Daga nan Latifa ta gyara zama. Ta janye sarkinta daga tsakiya da ƙafa, taku bayan taku. Ta toshe layukan da ya so ya bi, ta ƙi musayar da za ta sauƙaƙa masa. Alluna suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, mutane suna miƙa hannu suna tashi. Da azahar ta gabato saura bakwai, sannan huɗu, kuma nata yana ciki. Sau biyu Korvel ya ja kujera ya zauna a gabanta. Amma doki doki ne. A taku na arba'in da bakwai ta kwantar da sarkinta, alamar ta sallama.

Zauren ya yi shiru har Malam ya ji abin da Korvel ya ce mata da Turanci.

"Daga taku na goma sha uku kin yi wasa mai kyau ƙwarai. Na farkon ne ban gane ba. Kina kallon shirina na Alhamis?"

"Ina kallo."

"To kin san sharaɗi ne, ba haka nake wasa ba."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ta dubi hannuwanta. Ya jira kaɗan, ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta wani abu a ƙaramin littafinsa, ya wuce.

Bayan rabin awa jami'in ya karanta sunaye biyu. Wani ɗalibin jami'a da ya yi kunnen doki, da wata yarinya daga Tema da aka ci a taku na talatin da takwas. Aka tafa.

Malam ya ɗaga igiyar ya shiga. Mutanen Nima da suka zo kallo, su wajen goma, suka bi shi da ido. Ya tsaya gaban Korvel, ya gaishe shi, ya ce shi ne malamin mai allo na goma sha bakwai.

"Taku tara na farko nawa ne," in ji shi. "Ni na rubuta mata. Na karanta wasanninka a takarda, ban san da sharaɗin ba."

Korvel ya saurara da kyau. "Amma ita ta sani."

"Ta sani."

"Ta gaya maka?"

"Ta aiko. Ni ma na aika mata ta bari."

"To ta bari mana."

"Ta ɗauka fushi na yi."

"Saboda ka ce ta bari?"

"Saboda na karɓe takardar."

Korvel ya dubi jami'in kamar mai neman a fassara masa, alhali duk da Turanci ake maganar. Ya ce, cikin ladabi, bai gane ba. Ya ce yarinyar tana da ƙarfi, ya faɗa kuma zai sake faɗa, amma shi abin da aka ajiye a kan allo ya auna, kuma an riga an karanta sunaye. Wani ya taɓa hannunsa ya ce ana jiransa a ɗauki hoto. Ya miƙa wa Malam hannu ya tafi.

A trotro ɗin komawa su uku suka zauna a layin baya, Mma Memuna a tsakiya. Motar ta bar Kanda. Sannan Latifa ta sunkuyo ta gaban goggonta.

"Malam ya huce?"

"Ban yi fushi ba, Latifa."

"Amma Malam ya karɓe takardun."

"Domin kuskure ne a ciki. Tun daga shafi na uku har ƙarshe. Ke kika yi daidai."

Mma Memuna ta dubi wannan, ta dubi wancan. "To ni faɗan me na yi jiya?"

Latifa ta koma ta jingina, ta kalli titi ta taga. Bayan ɗan lokaci ta sake sunkuyowa.

"Da na ɓoye sarkina a na biyar, kamar yadda na saba, Malam yana ganin da ya zaɓe ni?"

Ya so ya ce Allah ne masani, kuma gaskiya ne. Amma ya ga sau biyun da mutumin ya ja kujera.

"Da ya zaɓe ki," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Kwandasta ya buga jikin mota ya kira Maamobi. Ta riƙe wa goggonta jaka suka sauka, ta rusuna ta ce Malam ya sauka lafiya. Ba ta ce sai Litinin a baranda ba kamar yadda ta saba, shi ma bai tambaya ba. Motar ta ja zuwa Nima.